Daminar Ruwan Gishiri

Jikokina suna cewa ban yi karatu ba, kuma ba na musu da su. Na gama elementare, na leƙa midil, midil ta leƙo ni, muka ga ba mu dace da juna ba, muka rabu lafiya. Amma ina so a rubuta a ajiye cewa ɗan karatun nan nawa da ake rainawa ya taɓa hana gona guda shuka a Zariya har damina ta yi nisa. Mai digiri a cikinsu ya zo ya gaya mini abin da nasa karatun ya taɓa hanawa.

A lokacin ni saurayi ne, tela, keken ɗinkina yana zauren kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda a gidansa na tashi. Kawu tsohon soja ne. Ya je yaƙin Bama ya dawo da tari da ƙarancin magana, unguwa kuma ta ci gaba da kiransa Kofur. Gonarsa tana can bayan Tudun Jukun, gangaren rafi, kuma daga ita gidan yake ci: shi, da matarsa da muke kira Inna, da 'ya'yansu ƙanana, da ni da ɗinkina bai kai ya ciyar da kyanwa ba. Abin da yake shukawa farfara ce, irin dawar da ya gada daga mahaifinsa. Bai taɓa yarda ya gauraya ta da ta kowa ba.

Littattafan kuwa a shagon wani mutumin Gabas nake samunsu, Kirista, mai fara'a, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Wurinsa nake sayen zare da allura. In Turawan da ke koyarwa a unguwar Kongo ko masu aikin jirgin ƙasa za su koma gida, masu dafa musu abinci sukan kwaso tarkacen da aka bari su kawo masa, a ciki har da ƙananan littattafai masu laushin bango. Shi ba don karatu yake karɓarsu ba, don ƙunshin ƙusa da sabulu ne. Kuma daga baya yake fara yaga, domin a cewarsa bangon gaba shi ne fuskar kaya, ko wani zai gani ya so. Saboda haka na shekara ina karanta labaran da ba su da ƙarshe, har na ɗauka haka Turawa suke rubutu, su kai mutum bakin rijiya su tafi shan shayi.

Bai taɓa buɗe ko ɗaya ya karanta ba, da bango yake rarrabewa. In akwai mace a bango, kwalin soyayya. In akwai bindiga, kwalin faɗa. In kuwa akwai taurari, ko wani ƙato mai ido a goshi, ko jirgi mai kama da kwalbar kananzir yana fitar da wuta ta ƙasa, wannan kwalin aljannu ne, kuma ni kaɗai ne mai tona shi.

"Tela, aljannunka sun iso," haka yake kirana in an kawo sababbi. "Zo ka ɗebe su kafin in naɗe ƙusa da su."

Bayan la'asar nakan zauna gindin ceɗiyar ƙofar gida in karanta ina juyawa da Hausa. Inda na gane in faɗa, inda ban gane ba in yi tari in tsallake. Maƙwabta sukan taru, yara su tsuguna, Inna ta tsaya daga bakin zaure kamar mai neman wani abu da ta manta. Kawu yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya, kamar ba ya ji.

Wata rana na karanta musu labarin mutanen da suka ƙera ƙwallon ƙarfe suka harba shi sama, ya ƙi faɗowa, yana ta kewaya duniya yana kuka. An yi dariya har wani mahauci ya ƙware. Aka ce in tambayo Turawan ko da igiya suka rataye shi.

Ba a daɗe ba, bayan an gama girbi, akwatin rediyon da ke dandali ya faɗa da Hausa, ba da Turancina mai tari ba, cewa wasu Turawa sun harba tauraron ƙarfe sama, yana can yana kewaya mu. Yana kuma kuka.

Da yammar nan babu wanda ya yi dariya a gindin ceɗiya. Mahaucin ya gaishe ni da hannu biyu. Ni kuwa na gyara zaman hulata, na ce ai mun daɗe da sanin wannan, mu masu karatu. Kawu ne kawai ya ajiye fartanyar, ya dube ni, duban da ban so ba.

"Kai tela. Littafin nan, kafin a harba aka rubuta shi ko bayan an harba?"

"Kafin, Kawu. Ai ka ga duk ya tsufa."

Ya gyaɗa kai. "A soja ma haka ne. Sai an rubuta abu a takarda sannan yake samunmu."

Littafin da ya jawo mana abin da ya jawo, cikin sanyi na samo shi. Bangonsa gona ce fara fat, da mutum ɗaya tsaye a tsakiya ya ɗaga kai sama. Labarin wasu masana ne da suka yi ta harba abubuwa cikin gajimare don su mallaki ruwan sama, har suka ɓata shi. Damina ta zo kamar kullum. Ruwan farko garɗi gare shi, na biyu ma haka, mutane suka yi shuka suna murna. Sai da shuka ta kai gwiwa sannan ruwan ya juya, ya fara sauka da gishiri. Ganye ya ƙone, ƙasa ta yi fari, duk irin da aka zuba a cikinta ya tafi ke nan. Kuma marubucin bai ɓoye shekarar ba, ya rubuta ta da lambobi a shafin farko. Na karanto ta da ƙarfi, ina jin daɗin muryata. Sai da ta fita daga bakina na tuna cewa a lissafin Turawa ita ce shekarar da muke shirin shiga.

"Sai me ya faru?" in ji wani.

Na juya shafi, na iske bango. Mai shago ya riga ya naɗe ƙusa da sauran.

Washegari na iske Kawu a tsakar gida ya sa an sussuke zangarniyar da ya ware ta iri. Ya gauraya ƙwayar da toka, ya ɗura a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya kai ƙuryar ɗakinsa. Girbin bara bai yi kyau ba, abin da ke rumbu da ƙyar zai kai mu marka. Abin da ke tulun nan shi ne duk farfarar da za a iya shukawa.

Inna ta ce, "Malam, wannan liƙi haka kamar ba za a buɗe ba?"

"Bana ba za a buɗe ba."

Ta ɗauka wasa ne, ni ma haka. Sai da bazara ta shigo, kowa ya fita sharar gona, Kawu yana zaune a zaure yana kallon keken ɗinkina, sannan muka san ba wasa.

Ba a bar shi ba. Liman ya aiko a gaya masa gobe ta Allah ce, babu mai saninta. Kawu ya ce haka ne, shi ma bai ce marubutan nan duba suka yi ba, abin da suke shirin yi da hannunsu suka rubuta, kamar yadda suka rubuta ƙwallon ƙarfe. Inna ta ce to a shuka rabi a bar rabi. Ya ce tulun da aka buɗe a gida mai yara, cikin yunwar damina, ba ya kai kaka da komai a ciki. In gishirin ya sauka, kowa irinsa ya mutu a ƙasa, shi kaɗai zai rage da abin shukawa baɗi, kuma farfarar ubansa ba za ta ƙare a hannunsa ba.

"Bana fa me za mu ci?" in ji Inna.

Ya juya ya koma zaure.

Akwai wata maƙwabciyarmu, Bahaushiya Kirista, malamar makaranta, 'yar gidan da kowa a ciki ya yi karatu mai zurfi. Malama muke ce mata. Inna ta roƙe ta ta zo. Ta zo da yamma, ta durƙusa ta gaishe da Kawu, ta karɓi littafin ta jujjuya.

"Baba, wannan ƙagaggen labari ne. Wani ne ya zauna a ɗakinsa ya shirya shi don nishaɗi. Babu gaskiya a ciki."

"Na ƙwallon ƙarfen fa, 'yata?"

"Shi ma ƙage ne. Dacewa aka yi."

"To. Mutum ya sayi takarda, ya sa inji ya buga, a loda a jirgin ruwa, a sauke a loda a na ƙasa, a kawo har Zariya, duk don ƙarya. Rabinta kuma ta riga ta zama gaskiya." Ya yi tari. "In ma tatsuniya ce, ai kin ƙara mini damuwa. Ga shi yaron nan ya shekara yana yi mana ita da rana tsaka, gaban yara."

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da ake cewa yana samun mai tatsuniya da rana: ɓata yake yi. A nan ne na lura da bakin mayafin Inna. Duk ƙulli ne, ƙanana, jere. Ashe tun da na fara karatun nan, duk yammar da na buɗe littafi sai ta ƙulla ɗaya a ɓoye, yadda ake yi don kare gida in dole ta sa an yi tatsuniya da rana. Ita ba ta tabbatar ko labari ne ko tatsuniya ba, ta dai ɗauki matakinta.

Malama ta ce, "Baba, me zai sa ka yarda?"

"A soja baki ba ya soke takarda. Ko kanar ne ya faɗa da baki, sai mu tsaya. Sabuwar takarda ce ke soke tsohuwa." Ya nuna ni da haɓa. "Shi ya kawo wannan. Ya je ya kawo mai soke ta. Ke kuma ki zauna kusa da shi in zai karanta, don na san tarinsa."

Haka na zama mai neman littafi da gaske. Da can sha'awa ce ke kai ni kwalin aljannu, yanzu kuwa tuwon gidanmu ne a ciki.

Mai shago ya tausaya mini. Ya daina yaga daga kwalin, ya koma ƙunshi da tsohuwar jarida. Na juye kwalin a ƙasa na bi ɗaya bayan ɗaya. Amma a lokacin na gane wani abu game da marubutan nan: ba su da labarin alheri. Na ɗauko wani mai hoton birni mai ƙyalli, na ce wannan kam lafiya, ashe injuna ne suka kori mutane daga birnin suka zauna, har suna yi wa junansu gaisuwa. Na kwana biyu ina duban keken ɗinkina ta gefen ido. Wani kuma na sarakuna ne masu takubba da wani matsafi da ya ɗaure kogi a cikin zobe, labari mai daɗi ƙwarai, har ƙarshensa yana nan. Na kai wa Kawu da gudu, na ce ga shi an kwance kogin, an yi shuka, an yi girbi.

"Da bindiga a ciki?"

"Babu, Kawu. Takobi ne da mashi."

"Mota?"

"Babu."

"To wannan tsohuwar takarda ce. Ta riga tawa. Mayar."

Ruwan farko ya sauka da hantsi, wata Laraba ko Alhamis. Yara suka fita suna tsalle, ƙamshin ƙasa ya cika gida. Kawu ya fito da ƙwarya sabuwa ya ajiye a tsakar gida, nesa da indararo, ya tsaya a kanta ruwa yana dukansa. Da ta ɗan taru ya ɗauka, ya kurɓa, ya riƙe a baki yana jujjuyawa, idonsa a rufe. Duk muka zuba masa ido, har yaran. Ya haɗiye.

"Garɗi," in ji Inna. "Ko ba garɗi ba, Malam?"

"Garɗi. Haka littafin ya ce na farko zai zo."

Daga ranar duk ruwan da aka yi sai ya tara ya ɗanɗana. Abin ya bazu a unguwa. Da farko ana yi masa dariya a bayan ido, amma na sha ganin manyan mutane, masu gemu, suna tafe a cikin yayyafi su waiga ko ana kallonsu, su ɗan fito da harshe. Mahaucin nan ya rantse mini wata rana ya ji ɗan ɓarɗi-ɓarɗi. Na ce zufarsa ce. Ya ce to, amma bai sake ba. Kowa dai ya yi shukarsa, sai dai an yi ta ba waƙa ba raha, kamar ana binne wani abu.

Na ɗauki keken hawa na shiga yawo. Na je Kongo wurin wani kuku da mai shago ya haɗa ni da shi. Ya shigar da ni ta bayan gida ya nuna mini abin da uwar ɗakinsa ta ware na zubarwa: littafin koyon dafuwa, da na kiwon kare, da ɗaya mai taurari. Na tsaya nan gindin mangwaro na fara karantawa. Teku ce ta taso ta cinye ƙasashe. Ban ma kai shi gida ba, kada Kawu ya ce a fara sassaƙa kwalekwale. Na je Hanwa gidan wani akawu da aka ce yana da littattafai cike da kabad, ashe duk na dokokin aiki ne. Ya tambaye ni me nake nema, na ce labarin da duniya ba ta ƙare ba a ciki. Ya dube ni ya ce in sha ruwa in huta tukuna.

A hanyar dawowa nakan bi ta gonarmu, ban san dalili ba. Gonakin da ke kewaye sun yi kore, dawa ta fito layi-layi, har an fara noman firi. Tamu ce kaɗai a tsakiya, ciyawa ta rufe tsoffin kunyoyi, awakin mutane suna kiwo a ciki. Manoman suka daina amsa sallamata da fara'a. Wani tsoho ya ɗago daga kan fartanyarsa ya ce, "Malam mai littafi, mu da muka shuka, yaushe ne namu zai ƙone? Gaya mana mu huta da noman."

A gida Inna ta fara rage tuwo. Malmalar ce dai take ƙanƙancewa, miya tana ƙara ruwa. Ta daina tsayawa bakin zaure. Ni ma na daina karatu a gindin ceɗiya, babu ma mai zuwa. Wata rana da azahar na shiga cikin gida na same ta tsaye a ƙofar ɗakin Kawu, taɓarya a hannunta, tana kallon ƙuryar da tulun yake. Ta ji motsina ta juyo.

"In na fasa, zai ce in tafi gidanmu," ta ce a hankali. "In ban fasa ba, da kaka duk mu tafi gidan mutane. Kai ka jawo, ɗan nan. Manoma sun ce in wannan watan ya mutu ba a shuka ba, ko an shuka kara za a girba."

Na fita ban ci abinci ba, na tafi shago, na zauna kan buhun gishiri, don ba wani wurin zama. Da na lura da abin da nake kai sai na miƙe.

"Tela, ka rame," in ji mai shago. "Wallahi da na san ƙusa za ta jawo haka, da a hannu na riƙa ba mutane. Wane irin labari ne Kofur yake so?"

"Wanda shekararsa ta wuce ta wancan, kuma mutane suna cin abinci a ciki."

"Cin abinci?" Ya waiga wajen kwalayen. "Akwai wata mai yanka burodi."

"Ina?"

"Kwalin soyayya mana. Mace ce a bango."

Kwalin da ban taɓa taɓawa ba ke nan, saboda ni saurayi ne mai mutunci kuma shagon a bakin hanya yake. Ya tona ya zaro shi. Mace ce kuwa, tsaye da wuƙa da burodi. Amma tagar da ke bayanta zagayayya ce, kuma abin da ke cikin tagar baƙi ne wuluk da taurari. Shi macen ya gani ya yanke hukunci. Watanni littafin yana nan, ina wucewa ta gabansa. Na buɗe shafin farko, na ga lambobin shekarar: ɗaruruwan shekaru ne a gabanmu. Ban tsaya karanta komai ba, na hau keke.

An yi ruwa da safiyar ranar, ƙwaryar Kawu tana gefensa da sauran abin da ya ɗanɗana. Aka kira Malama. Ta zauna kan tabarma dab da ni, yadda idonta zai riƙa bin layin da nake kai. Inna ta tsaya bakin zaure, na ga yatsunta suna ƙulla mayafi.

Na karanto shekarar. Kawu ya dubi Malama, ta ce haka ne.

Labarin mutane ne a cikin wani jirgi mai girman gari, suna tafiya tsakanin taurari, an haifi iyayensu a ciki, an haife su a ciki. Suna da gona a cikin jirgin, a manyan faranti, ƙarƙashin fitilu. Akwai wata tsohuwa da aikinta ajiyar iri, kuma duk shekara takan tara yara ta nuna musu ƙwayar a tafin hannunta, ta ce wannan daga duniya ta zo, kakannin kakanninmu suka shuka ta suka girbe, hannu zuwa hannu, har ta iso mu. Ban yi tari ko sau ɗaya ba. Inda na kakare, Malama ta ɗora.

"Tsaya," in ji Kawu. "Wane iri ne?"

"Alkama, Baba."

"Ba dawa?"

"Ba a ambata ba."

"Turawa ne, ba za su ambata ba." Ya murza gemu. "Hannu zuwa hannu, ta ce?"

"Haka ta ce."

"Iri ba ya shekara ɗari a tulu. Ko uku ba ya yi da kirki. In ya kai wurinsu, to an yi ta shukawa ke nan ana girbewa, bana da baɗi da bayan baɗi." Ya dubi ƙwaryar. "Wannan takarda ta fi waccan shekara. Ta soke ta."

Inna ta saki wani numfashi da na ji daga inda nake. Ni kuwa, da yake na saba in na fara ba na tsayawa, idona ya riga ya sauka layi na gaba. Wata yarinya ce a cikin yaran ta ɗaga hannu ta tambayi tsohuwar: to me ya sa muka baro duniyar? Na ga farkon amsar. Malama ma ta gani, don na ji ta daina motsi. Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba.

"Rufe," in ji Kawu.

"Kawu, akwai saura..."

"Na ce rufe. Na ji abin da zan ji."

Bai dube ni ba, bai dubi Malama ba. Na daɗe ina tunanin wannan. Mutumin da ya gane tarina tun daga nesa, ba zai kasa gane shirun mutum biyu a gabansa ba. Ya miƙe ya shiga ɗaki, muka ji ƙarar laka tana fashewa.

Washegari da sassafe duk gidan muka fita, har Inna da yaran. Mai shago ya rufe shagonsa ya biyo mu da aron sungumi, yana sara rami a karkace, Kawu yana binsa yana gyarawa. Muka shuka a cikin ciyawar da ba a gama sharewa ba, dawar maƙwabta tana kai mana cinya a kowane gefe.

An makara. Ruwa ya ɗauke a lokacin da farfararmu take tsakiyar fitar da kai, rabin zangarniyar ba ta cika ba. Shekarar da ta biyo mun san rogo ta kowace fuska, kuma keken ɗinkina ya koyi ciyar da mutane ko yana so ko ba ya so. Amma a cikin abin da aka girba Kawu ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika ya rataye, aka sami iri. Gishiri bai sauka ba. Unguwa ta koma dariya, mahaucin ya ce shi dama bai taɓa yarda ba. Kawu dai har ya bar duniya bai daina ajiye ƙwarya a tsakar gida ba, kuma bai sake zama inda ake karanta littafi ba.

Sauran littafin ni kaɗai na karanta, a zaure, da rana, na ƙulla bakin rigata tukuna don kada a ce ban yi hankali ba. Tsohuwar ta gaya wa yarinyar cewa duniyar da suka baro ta yi fari fat, babu abin da ke tsirowa a cikinta, kuma abin daga sama ya sauko. Ba ta faɗi shekarar ba. Ko ta faɗa a gaba, ban sani ba, don wannan ma mai shago ya taɓa shi daga baya. Na kai wa Malama na ce marubuci ɗaya ne da na farkon? Ta duba ta ce a'a, ba su ma ƙasa ɗaya ba. Na ce to yaya aka yi bakinsu ya zo ɗaya? Ta ce dacewa ce. Na ce Malama, dacewar nan taki tana yawa.

Yanzu jikokina suna kawo mini irin littattafan nan sababbi fil, da ƙarshensu cikakke, suna cewa in karanta in ji daɗi. Nakan fara duba shekarar. In ruwan farko ya sauka kuma, nakan sa a fitar mini da kofi tsakar gida, su tsaya a baranda suna dariya, suna cewa tsoho ya fara. Na bana na kurɓa, na jujjuya a baki, na ce musu garɗi ne, su je su yi harkarsu. Ban gaya musu yadda littafin ya ce na farko yake zuwa ba.